Busar da Furanni: Darasi Daga Haidiranjiya

Mafi yawan nauyin ɗanyen fure ruwa ne. Da zarar an tsinke shi sai ƙwayoyin halittarsa su soma mutuwa, funfuna kuma ta sami wurin zama. Aikin mai adana fure shi ne ya raba shi da wannan ruwa kafin ruɓewa ta kama shi, ba tare da gaggawar da za ta sa ya yamutse ba.

Bari mu ɗauki misalin haidiranjiya, wata shukar lambu mai curin furanni, wadda sanannen nau'inta ya samo asali daga Japan. Abin da ido ke gani mai launi a jikinta ba ainihin furen ba ne. Ganyayyakin da ke kewaye da shi ne, waɗanda masana ke kira sefal. Ɗalibi ya riga ya san irinsu, domin jan ɓangaren zoɓo da muke jiƙawa shi ma sefal ne. Launin duka biyun daga sinadarai dangin antosayanin yake. A ƙasa mai tsami, inda saiwa ke iya zuƙar alminiyum, haidiranjiya kan yi shuɗi. In babu tsamin sai ta koma ruwan hoda.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yankan ta tana sabuwar buɗewa. A lokacin sefal ɗin na da laushi, cike da ruwa, kwana ɗaya sai su langaɓe. A jira sai sun ƙosa a jikin uwar, sun fara kaushi kamar takarda. Sannan a yanke da dogon kara, a zage ganyen, a tsoma gindin cikin ruwa kaɗan, a bar shi ya ƙafe da kansa. Cikin kamar mako 2 aiki ya kammala. Sa ruwa don a busar da abu ya yi kama da wauta, amma shi ke rage saurin bushewar har curin ya riƙe siffarsa.

A guji rana, don haskenta na kashe antosayanin. Inuwa mai iska ake so, kuma a wajenmu hunturu ya fi damina dacewa, sai dai a kare furen daga ƙura.

Furanni masu faɗi da rashin kauri sun fi son dannewa tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora nauyi, a riƙa sauya takardar. Wannan dabara ake dangantawa da Luca Ghini, malamin ilmin tsirrai na Italiya da ya rasu a 1556. Malamin da zai sa ɗalibansa su gwada, ya tabbata sun rubuta sunan shukar, wurin da aka samo ta, da kwanan wata.