Farauta a ƙasar Gumel: wace dabba ake harbi, wace ake ƙyalewa?

Da zarar an gama girbin gero da riɗi a ƙasar Gumel da ke arewacin jihar Jigawa, sai gangunan mafarauta su fara tashi. Samari daga ƙauyukan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su kan yi gayya su shiga daji da karnuka da gorori da adduna, wasu kuma da bindigogin toka.

Sai dai abin da suke komowa da shi a yanzu bai cika wuce zomo da kurege da gafiya da fakara ba. Akwai ma wani gari a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar mai suna Ɗanzomo, kuma zomon ne ya rage a matsayin babban kamu a mafi yawan fita. Barewa, wadda a da ita ce abin alfaharin maharbi, ta yi wuyar gani.

Dalilan suna da yawa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na 1983 zuwa 1985 ya kashe itatuwa da ciyayi a duk yankin Sahel. Jama'a kuma sun ƙaru: ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ta nuna mutane kusan miliyan 2.9, yayin da ta 2006 ta nuna fiye da miliyan 4.3. Gonaki sun cinye saura da burtali. Amma akwai wani dalili da ba a cika magana a kansa ba, wato irin dabbar da ake zaɓa a kashe.

Mace ko namiji

Barewar da aka sani a wannan yanki ita ce mai jan goshi da baƙin layi a kuiɓi, wadda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. Takan ɗauki ciki na kimanin wata shida, ta haifi ɗa guda. Zomanya kuwa takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara, shi ya sa zomo ya jure abin da barewa ta kasa jurewa.

Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma duk mai kiwon awaki ya san shi. Bunsuru ɗaya ya ishi garke, saboda haka shi ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a bar akuya ta ci gaba da haihuwa. Haka abin yake a daji. Idan aka harbe namiji ɗaya, wani zai maye gurbinsa, kuma adadin 'ya'yan da za a haifa baɗi ba zai ragu ba. Idan aka harbe mace, an yi asarar ta, da abin da ke cikinta, da duk waɗanda za ta haifa nan gaba.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne idan ya girma. A kwanakin farko dai ɗan barewa ba ya gudu ko kaɗan: kwanciya yake yi luf a cikin ciyawa, uwar ta yi nesa da shi tana kiwo, ta riƙa komowa tana ba shi nono. Don haka macen da maharbi ya gani ita kaɗai, mai yiwuwa ne tana da ɗa a ɓoye, wanda yunwa ko dila za su gama da shi idan ba ta komo ba.

Wata wahalar ita ce, a wannan nau'in mace da namiji duk suna da ƙaho. Na macen ya fi siranta da gajarta, amma sai wanda ya matso kusa, ya kuma natsu, zai iya bambancewa.

Maharbi da ɗan gayya

A nan ne bambancin maharbi da ɗan farautar gayya yake fitowa. Maharbi na gado yakan fita shi kaɗai ko su biyu, ya bi sawu, ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya laɓe na tsawon lokaci. Yana da damar ya duba kafin ya saki kibiya ko ya ɗana kunama. A al'adar maharban ƙasar Hausa, waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, abin kunya ne babba ya komo gida da mai ciki ko mai goyo, ko da yake ba kowa ne ke kiyaye hakan ba, musamman a shekarar yunwa.

Farautar gayya ba ta ba da wannan dama. Mutane da yawa ne ke jeruwa su kora duk abin da ya tashi, kare kuwa ba ya tambaya ko mace ce ko namiji, ya ma fi saurin cim ma mai nauyin ciki da ƙanana. Idan aka haɗa da cinna wa daji wuta domin fito da gafiya, to wanda ke kwance a ciyawa ba shi da mafita.

Abin da malamai da doka suka tanada

Musulunci ya halatta farauta, kuma Suratul Ma'ida ta yi bayanin cin abin da dabbar da aka horar ta kamo idan an ambaci sunan Allah. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa, ya rarrabe tsakanin farautar neman abinci, wadda take halal, da ta wasa kawai, wadda take makaruhi.

Fiƙihu bai haramta naman mace mai ciki ba. A mazhabar Malikiyya ma ana cin ɗan tayin da aka samu a cikin uwar da aka yanka, idan halittarsa ta cika kuma gashi ya tsiro masa. Sai dai malamai su kan kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Halaccin nama daban, hanin ɓarna da cutarwa daban.

Ta fuskar hukuma, tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963, gwamnatin soja kuma ta fitar da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. A ƙetaren iyaka, Nijar na da dokar farauta ta 1998, ta kuma keɓe gandun Termit da Tin Toumma a 2012. Matsalar ita ce aiwatarwa, domin da wuya ɗan farauta a ƙauye ya taɓa ganin takardar izini da idonsa.

Yadda Amurka ta yi

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. A wajejen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin dubu 500 ko ƙasa da haka. Jihohi suka hana cinikin naman daji, suka ƙayyade lokacin farauta, da dama kuma suka ce namiji kaɗai za a harba. A 1937 aka yi dokar da ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. A yau ana ƙiyasta adadinta da kusan miliyan 30, har ta kai wasu jihohi na roƙon maharba su riƙa harbin mata saboda ɓarnar gonaki da haɗarin mota. Su dai abin ya zo musu da sauƙi, tun da namijin ne kawai ke da ƙaho.

Ƙasar Gumel ta fi kama da Amurkan 1900. Inda dabba ta ragu ƙwarai, ko namijin ma ba na harbi ba ne, domin matan da suka warwatsu a gutsattsarin daji na iya rasa wanda zai barbare su.

Akwai kuma wata kasuwa da ke ƙara tsananta lamarin: masu hali a birane na son ajiye barewa a gida don ƙawa. Babba ba ta sabuwa da mutane, saboda haka ƙaramar ake nema, kuma hanya mafi sauƙi ta samun ta ita ce a kore uwar ko a kashe ta.