Babi na Tara: Ruwaito Magana da Tambaya a Ingilishi

Ruwaito magana shi ne mutum ya isar da abin da wani ya faɗa da bakin kansa, ba tare da kwaikwayon mai maganar ba. Dillalin albasa a Madawa ya ce, "Zan tafi Tawa gobe." Mai kai labari sai ya ce, "Ya ce zai tafi Tawa." Wakilin suna kaɗai ya sauya, lokacin aikatau yana nan inda yake, ko da bayan mako aka ba da labarin. Ingilishi kuwa, in aka buɗe da *said* ko *told*, aikatau yakan ja baya da taki ɗaya: *will* ya koma *would*, *am* ya koma *was*, *have sold* ya koma *had sold*. Ɗalibin Madawa, Buza ko Keita, wanda ke fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji bayan shekara 6 yana karatu da Faransanci, ya riga ya saba da wannan, don Faransanci ma haka yake yi. Sauya *tomorrow* zuwa *the next day* da *here* zuwa *there* bai kai a tsaya kansa ba.

Abin da ya kamata a tsaya kansa shi ne wata hadda da ta yi kanta a azuzuwa, wai dole kowane aikatau ya ja baya. Ba dole ba ne, kuma bai taɓa zama dole ba. In malami ya ce Buza tana cikin jihar Tawa, ba ta tashi daga can don ya rufe baki ba, saboda haka *He said Bouza is in Tahoua Region* daidai ne. Haka *She said the Keita project started in 1984*: shekarar ta riga ta nuna lokaci, *had started* ƙari ne kawai. Akwai ma ɗan sirri a nan. Mai barin *is* kamar ya sa hannu ne a kan zancen, mai mayar da shi *was* yana iya zama ya ɗan ja jiki. Hausa da kalma guda take wannan aiki, *wai*. "Ya ce zai biya" labari ne. "Wai zai biya" kuwa, mai bin bashi ya san inda aka dosa. Ingilishi ba shi da *wai*, sai ya yi ta lalube da *apparently* da *he claimed*.

Tambaya ita ce wurin da Bahaushe ya fi kowa sa'a, ya kuma fi kowa yin sake. Kuskuren da aka fi gani shi ne *He asked me where was I going*. Ana jin irinsa a kasuwannin Nijeriya, har a Indiya da Ayilan, amma mai duba takardar jarrabawar BEPC jan biro zai sa masa. Daidai shi ne *where I was going*: mai aikatawa a gaba, aikatau a baya, babu *do* ko *did*, babu alamar tambaya. Dalili kuwa yana cikin Hausa tun fil'azal. "Ina za ka?" in an ruwaito, yakan zama "Ya tambaye ni inda za ni." *Ina* ta koma *inda*, *me* ya koma *abin da*, *wa* ya koma *wanda*, *yaushe* ta koma *lokacin da*, *yaya* ta koma *yadda*. Wato tambayar ta tuɓe rigarta, ta zama bayani. Faransanci a kan *me* yake yin haka, *qu'est-ce que* ya koma *ce que*. Ingilishi ba ya sauya kamannin kalmar, shi ya sa take ruɗar yara: *where* ɗin cikin ruwaya *inda* ce, ba *ina* ba. Wanda ya fassara ta haka a ransa ba zai juya jimlar ba.

Tambayar da amsarta i ko a'a ce, Hausa na shigo da ita da *ko*, Ingilishi da *if* ko *whether*: *She asked if I would come*, ta tambaya ko zan zo. A nan wasu ɗalibai kan tsorata, don an hana su sa lokaci mai zuwa bayan *si* na Faransanci da *if*. Wancan hani na *idan* ne, na sharaɗi. Faransanci da Ingilishi sun haɗa *ko* da *idan* a kalma guda, Hausa ta raba su.

Umarni kuma da *to* ake ruwaito shi, hani da *not to*: *He told us not to shout*. *Told* yana neman wanda aka gaya wa nan take a bayansa, *said* ba ya nema.