Karatun RNA da Maganin Sankarar Mama

Ƙwayar halittar hanta da ta ido duk DNA ɗinsu ɗaya ne, mai ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke haɗa furotin. Bambancinsu shi ne waɗanne ke aiki, waɗanne ke kwance. DNA kundi ne a ajiye. RNA kuwa rubutun allo ne, darasin yau kaɗai ake kwafowa, an jima a wanke. Wanda ke son sanin abin da cuta ke aikatawa yanzu, allon zai karanta.

Karatun ya daɗe yana ba masana wuya, domin RNA ba ya jure ajiya, ko taɓa shi da hannu babu safar roba na iya lalata shi. A 1970 Howard Temin da David Baltimore suka gano sinadarin da ke mayar da RNA zuwa DNA, a 1983 kuma Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR, dabarar ninka guntun DNA sau miliyoyi. Haɗin biyun ne RT-PCR, gwajin da kowa ya ji sunansa lokacin korona. A 1995 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka jera ƙwayoyin gado a kan guntun gilashi don auna su a tashi ɗaya. Da wannan dabara Charles Perou da abokan aikinsa suka nuna a 2000 cewa sankarar mama ba cuta ɗaya ba ce: kumburi biyu na iya kama da juna a idon likita alhali RNA ɗinsu ya sha bamban. Daga baya aka samar da gwajin Oncotype DX mai auna ƙwayoyin gado 21. Binciken TAILORx na 2018, da ya shafi mata sama da 10,000, ya nuna cewa yawancin masu wani nau'in cutar da aka gano da wuri za su iya tsallake kimoterafi, da zubewar gashi da amai, ba tare da cutar ta ƙara musu haɗari ba.

Masu suka na cewa yawan RNA ba kullum yake nuna yawan furotin ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba a yarda da gwaji sai an bi marasa lafiya shekaru an ga ƙarshensu. Sukar da ta fi nauyi ita ce, yawancin matan da aka gwada Turawa ne, alhali matan Afirka ta Yamma sun fi fama da nau'in da ba ya jin maganin homon, wanda Oncotype bai shafa ba. Wannan kuwa dalili ne na mu auna namu, ba na watsi da dabarar ba. Na'urorin RT-PCR da aka girka a asibitocin koyarwa saboda korona za su iya aikin, muddin an ba su wutar lantarki mai ɗorewa da firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Ya kamata hukumomin lafiya su saka wannan a kasafinsu.