Shiri na Musamman: Daidaita Alkiblar Wuta a Ayisin Fitilun LED

Ƙwan LED ta hanya ɗaya tak yake karɓar wuta. Yana da ƙafa biyu, doguwar ita ce fozitib, gajeriyar kuma negatib, idan aka juya su ba zai kama ba. Tun daga 1962, lokacin da Nick Holonyak ya ƙera jan LED a kamfanin General Electric na Amurka, wannan ƙa'ida ba ta sauya ba. Daga nan ne batun shirin na yau ya samo asali: yadda manhaja ke sanin ko ɗaga wuta ne zai kunna fitila, ko kuwa sauke ta.

Haɗin iri biyu ne. A na farko, ƙafar ayisi, wato ƙaramin guntun lantarkin da ke sarrafa fitilar, ita ce ke tura wuta zuwa ƙwan, don haka yana kamawa idan ƙafar ta ɗaga. A na biyu, fozitib ɗin ƙwan yana manne da layin wuta koyaushe, ayisin yana buɗe masa hanyar wucewa zuwa negatib ne kawai, sai ƙwan ya kama idan ƙafar ta sauka. Duk mai haɗa allon shago a Sabon Layi ko Jekadafari a nan Gombe ya san na biyun da hannunsa. Zaren fitila mai launi uku da ake sayarwa a naɗe waya huɗu gare shi: ɗaya ta bolt 12 wadda duk ƙwayayen ke sha daga gare ta, sauran ukun na ja da kore da shuɗi, kowacce sai an kai ta negatib launinta ke fitowa.

Ayisin PCA9633 na kamfanin NXP misali ne mai kyau. Yana sarrafa fitilu huɗu, kowacce da matakin haske 256, yana kuma karɓar umarni ta waya biyu a tsarin I2C da Philips ya fito da shi a 1982. Haske yana raguwa ne ta hanyar kunnawa da kashewa cikin saurin da ido ba ya iya gani. Ƙarfin ayisin dai kaɗan ne: a bolt 5, kowace ƙafa tana iya janyo miliamfiya 25, amma 10 kawai take iya turawa. Wannan ya ishi ƙaramin ƙwai, bai ishi zaren fitila mai tsawon mita biyar ba. Dole a sa tiransista a tsakani, kuma nan ne lissafi ke kifewa, domin tiransista nau'in N tana buɗewa ne idan ƙafar ayisi ta ɗaga, akasin haɗin kai tsaye.

Alamar kuskuren a bayyane take. A rubuta sifili, fitila ta haska iya ƙarfinta. A rubuta 255, ta mutu murus. A nemi rubu'in haske, a samu kashi uku cikin huɗu. Abin da ke ruɗar mai gwaji shi ne tsakiya: a wajen 128 haɗin daidai da na kife kusan haske ɗaya suke bayarwa, sai a ɗauka komai lafiya.

Masu ƙera ayisin sun yi tanadi. A rajistarsa mai suna MODE2 akwai bit ɗin INVRT da ke juya fitar wutar, akwai kuma OUTDRV da ke zaɓar ko ƙafar za ta tura ta kuma janyo, ko janyowa kaɗai za ta yi. Saita su aikin direba ne, wato guntun manhajar da ke magana da ayisin daga cikin kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma shi ne ƙashin bayan wayoyin Android da yawancin na'urorin raba intanet.

Amma direba ba ya ganin fanel, wato allon da aka haɗa ayisin da fitilun a kansa. Ayisi ba shi da hanyar faɗa masa ko an sa tiransista ko ba a sa ba. Saboda haka ake rubuta bayanin a wani fayil daban da ake kira bishiyar na'ura, wanda ke bayyana yadda aka haɗa kowane fanel. Ga wannan ayisi, layin nxp,inverted-out ne ke sa direba ya ɗaga INVRT, layin nxp,totem-pole kuma ya zaɓi tura da janyo. Fitilar da aka haɗa kai tsaye da ƙafar furosesa, idan sauke wuta ne ke kunna ta, ana yi mata alamar GPIO_ACTIVE_LOW ne.

Wannan tsari shi ne daidai. Wanda ya shiga cikin direba ya juya lissafi don fanel ɗinsa ya gyara nasa ne ya ɓata na dubban mutane, kuma masu kula da kanel ba sa karɓar gyaran da ke lalata abin da yake aiki a da. Juyawa a manhajar sama ma ɗinkin wucin gadi ne, domin duk wata manhaja da ta taɓa fitilar sai an sake yi mata irinsa.

Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere da ke haɗa aikinsa da Raspberry Pi, ya fara bin layin fanel da mita, ya karanta takardar bayanin ayisinsa, domin ma'anar bit ɗin juyawa ta bambanta daga ayisi zuwa ayisi. Bayan ya saita, ya gwada da sifili da kuma 255.