Tura Bidiyo Daga Waya Zuwa Talabijin: Wa Ke Kunna Fim Ɗin?

A saman allon yawancin manhajojin kallon bidiyo akwai wata 'yar alama mai siffar akwatin talabijin, da 'yan layuka masu lanƙwasa a kusurwarta ta ƙasa daga hagu, wadda idan aka taɓa ta sai sunayen talabijin ɗin da ke kusa su bayyana, a zaɓi ɗaya, fim ya bar ƙaramin allon wayar hannu ya koma babban allon da ke jikin bango ba tare da an haɗa kebul ba. Ga mai kallo aikin iri ɗaya ne ko da yaushe, amma a ƙarƙashinsa akwai tsare-tsare daban-daban da ba sa jituwa da juna, kuma abin da ya raba su shi ne na'urar da ke kunna fim ɗin a haƙiƙa da hanyar da bayanan fim ɗin ke bi kafin su isa allo. Wannan bambanci ne ke yanke hukunci a kan yawan datar da za ta ƙare, da kyan hoton da za a gani, da irin matsalar da za a ci karo da ita, don haka wanda ya fahimce shi ya huta da zargin waya ko talabijin a kan laifin da ba nasu ba.

Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda kamfanin Google ya fito da shi a watan Yulin 2013 tare da Chromecast, wata 'yar na'ura da ba ta fi filas girma sosai ba, wadda ake sokawa a kafar HDMI ta bayan talabijin, wato faffaɗar kafar nan da ke ɗaukar hoto da sauti a lokaci guda, kuma aka fara sayar da ita a kan dala 35 a Amurka. A wannan tsari waya ba ta aika fim ko kaɗan. Abin da take aikawa shi ne adireshin fim ɗin a intanet da umarnin a fara daga minti kaza, daga nan sai na'urar da ke jikin talabijin ta je da kanta ta ɗebo bidiyon daga manyan kwamfutocin YouTube ko Netflix, tamkar wanda ya yi wa baƙo kwatancen gida ya koma harkar gabansa. Shi ya sa mai waya zai iya amsa kira, ko ya shiga WhatsApp, ko ma ya fita daga ɗakin, fim kuwa yana ci gaba, domin wayar ta zama rimot kawai. Google ya daina ƙera Chromecast a watan Agustan 2024 bayan ya sayar da fiye da miliyan 100, amma tsarin bai mutu ba, tun da an riga an gina shi a cikin talabijin da yawa masu amfani da Android TV ko Google TV, irin na Sony da TCL da Hisense.

Akwai wani sakamako na wannan tsari da ya shafi aljihu kai tsaye, musamman a gidajen da intanet ɗinsu na datar da ake saye da gigabait ne, kamar yadda yake a yawancin gidajen Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, inda 'yar na'urar MiFi ko hotspot na waya ke tsayawa a matsayin intanet na gida. Tun da talabijin ce ke ɗebo bidiyon, ita ce kuma ke zaɓen ingancin hoton, kuma a al'ada takan zaɓi mafi girman abin da ƙarfin intanet ɗin zai iya ɗauka. Hoton da ake kira 1080p yana da ɗigo-ɗigon haske sama da miliyan biyu a kowace fitowa, wato kusan ninki biyar na hoton 480p da mutane da yawa ke wadatuwa da shi a waya, kuma Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa awa ɗaya ta kallo takan ci har gigabait 1 a matsakaicin inganci, har gigabait 3 a babban inganci, sannan har gigabait 7 a hoton 4K. Iyalin da suka saba kallon wani shiri mai dogon zango kamar Labarina a YouTube ta waya, sannan suka mayar da shi talabijin, za su ga datar wata ta ƙare tun wata bai raba ba, alhali ba wanda ya sace ta. Maganin yana cikin saitin manhajar, inda ake iya rage ingancin hoton da hannu.

Lamarin ya sha bamban idan fim ɗin yana cikin wayar ne ko kwamfutar, misali wanda aka turo a shagon masu tura fina-finai aka zuba a memori, domin a nan babu wani adireshin intanet da za a miƙa wa talabijin. Wannan shi ne fagen manhajoji irin su VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a makarantar École Centrale ta birnin Paris a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, kuma ta fara iya turawa zuwa Chromecast a sigarta ta 3.0 da ta fito a watan Fabrairun 2018. Dabarar da irin wannan manhaja ke yi ita ce ta mayar da wayar wani ɗan ƙaramin rumbu a cikin waifai na gidan, ta ba talabijin adireshin wayar, talabijin kuma ta riƙa janyo fim ɗin daga gare ta kaɗan-kaɗan. Ke nan bayanan sai sun tashi daga waya zuwa rauta, wato na'urar da ke rarraba waifai, sannan daga rauta zuwa talabijin, tafiya biyu a cikin iska, kuma idan wayar ta yi nisa, ko tsarin tattalin batir ya rufe manhajar, ko caji ya ƙare, fim ya tsaya nan take.

A nan ne kuma ake haɗuwa da matsalar da ta fi ɗaure wa mutane kai, wato fim ya yi lafiya lau a waya amma ya ƙi buɗewa a talabijin, ko hoto ya fito babu sauti. Dalili shi ne fayil ɗin bidiyo abu biyu ne a haɗe. Akwai mazubi, wanda shi ne ake gani a ƙarshen sunan fayil kamar MP4 ko MKV, akwai kuma kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoton da sautin domin su rage girma, irin su H.264 da HEVC ga hoto, ko AAC da DTS ga sauti. VLC ta yi suna ne saboda tana tafe da abin warware kusan kowane kodek a cikinta, amma da zarar an tura fim zuwa talabijin, aikin warwarewar ya bar hannunta ya koma hannun guntun lantarkin da ke cikin talabijin ko Chromecast, wanda abin da aka ƙera shi da shi kaɗai ya sani. Chromecast na farko, alal misali, bai san HEVC ba, wanda kuwa shi ne ake yawan matse fina-finai da shi a yau domin su yi ƙanƙanta. Idan haka ta faru, VLC takan yi ƙoƙarin sauya fim ɗin zuwa kodek ɗin da talabijin ta sani a daidai lokacin da ake kallo, aikin da kwamfuta mai ƙarfi ke iya yi cikin sauƙi amma yake galabaitar da ƙaramar waya, ta yi zafi, hoton ya riƙa sarƙewa. Fassarar da ke fitowa a ƙasan allo ma takan ɓace a hanya, musamman idan a fayil daban take.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne Chromecast na bukatar intanet ko da fim ɗin na cikin waya ne, domin sai ta ɗauko 'yar manhajar karɓa daga intanet kafin ta fara aiki, ko da yake datar da wannan ke ci ba ta taka kara ta karya ba. Wani tsohon tsarin tura bidiyo mai suna DLNA, wanda gamayyar kamfanonin lantarki ƙarƙashin jagorancin Sony suka kafa a 2003, bai da wannan sharaɗi, waifai na cikin gida kawai yake bukata, kuma duk da cewa ƙungiyar da ke kula da shi ta rushe a 2017, har yanzu talabijin masu yawa na fahimtar sa.

Kafin duk wannan, dole ne waya ta gano talabijin tukuna, kuma tana yin haka ne ta hanyar yin shela a cikin waifai, wadda kowace na'ura mai iya karɓar bidiyo ke amsawa da sunanta. Shelar ba ta tsallake iyakar waifai ɗin da aka yi ta a ciki, saboda haka idan waya na kan datar layi talabijin kuma na kan rauta, ba za su taɓa ganin juna ba. Haka nan a otal-otal da ofisoshi, inda ake saita rauta da gangan ta hana na'urorin baƙi magana da juna saboda tsaro, da kuma wayar da aka kunna wa VPN, wato manhajar da ke karkatar da zirga-zirgar intanet ta wata hanya ta daban. A wayoyin iPhone, tun daga iOS 14 na shekarar 2020, sai mai waya ya ba manhaja izinin leƙa na'urorin da ke cikin gida, kuma wanda ya danna ƙin amincewa cikin gaggawa a ranar farko zai daɗe yana neman talabijin ɗinsa bai gani ba.

Wani tsarin kuma shi ne haska allon waya gaba ɗaya, inda waya ke ɗaukar hoton duk abin da ke kan allonta sau da yawa a cikin daƙiƙa, ta matse shi, ta aika wa talabijin. Fitaccen ma'auninsa shi ne Miracast, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2012, kuma shi ne ke ƙarƙashin Smart View na wayoyin Samsung da kuma 'yan na'urori masu araha irin su AnyCast da suka cika kasuwannin kayan waya. Babbar fa'idarsa ita ce waya da talabijin na haɗuwa kai tsaye, ba rauta ba intanet, kuma matsalar kodek ba ta tasowa tun da wayar ce ke kunna fim ɗin. Amma an biya wannan sauƙi da tsada, domin hoton da aka riga aka matse ana sake matse shi a karo na biyu, ingancinsa ya ragu, sauti kan saɓa da motsin baki, batir na zuba, kuma duk saƙon da ya shigo wayar zai bayyana ɓaro-ɓaro a gaban duk wanda ke zaune a falo, abin da ya isa ya sa mai hankali ya kashe sanarwar saƙonni kafin ya fara. Manhajojin da ake biya kuɗi kuma sukan nuna baƙin allo idan aka haska su ta wannan hanya, saboda kariyar haƙƙin mallaka da ke hana kwafar fim. Google ya cire Miracast daga ainihin Android a sigar 6.0 ta 2015 domin ya fifita nasa tsarin, Apple kuwa bai taɓa karɓar sa ba, yana da nasa AirPlay tun 2010, wanda Netflix ya daina amincewa da shi a 2019. Rashin jituwar nan ba gazawar ilimi ba ce, gasar kasuwa ce, kuma mai saye ne ke ɗaukar nauyinta.

Ga gidan da fina-finansa ke cikin memori, kuma wutar lantarki da intanet ba su da tabbas, sau da yawa hanyar da ba ta da kwarjini ita ce ta fi aiki, wato a kwafe fim a filas a soka a kafar USB da ke jikin kusan kowace talabijin ta zamani, ba data, ba sarƙewa, waya kuma ta huta. Kebul mai haɗa kafar USB-C ta waya da HDMI ma yana ba da hoto tsaf, sai dai ba kowace waya ce aka ƙera kafarta ta fitar da hoto ba, kuma yawancin masu sauƙin kuɗi ba sa yi, don haka ya kamata a gwada a shago kafin a biya. Filas ɗin ma yana da tasa ƙa'idar, domin wanda aka tsara da tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai an sake tsara shi da exFAT ko NTFS, bayan an duba littafin talabijin ɗin an tabbatar da wanda take karantawa a cikinsu.