Man Shafawa Mai Kwantar da Garkuwar Fata: Inda Yake Taimako da Inda Yake Ɓarna

A wani zama da muka yi da matan zumunta a yankin Mazanya, wata uwa ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan bututun man shafawa wanda aka matse shi har ya lanƙwashe. Ta ce ɗanta mai shekara 6 makero ya fito masa a hannu, ta sayo wannan mai a kasuwa, kwana 3 kawai ƙaiƙayin ya tsaya. Da ta daina shafawa abin ya dawo, har ya fi da faɗi. Ta sake saye. Ranar da muka haɗu tana kan bututu na uku, cutar kuwa ta bar hannu ta haura kafaɗa ta gangara baya. Na tambayi sauran matan ko akwai mai irinsa a ɗaki. Hannuwan da suka tashi sun fi waɗanda ba su tashi ba.

Wannan uwa ba sakaci ta yi ba. Ba a taɓa gaya mata irin aikin da man yake yi ba ne.

A cikin fatar kowane mutum akwai masu gadi, wato abin da malaman asibiti suke kira garkuwar jiki. In ƙwayar cuta ta shigo, sai su taso mata. Kumburi da zafi da ƙaiƙayin da muke ji, hayaniyar wannan faɗa ce. Amma akwai cututtukan da masu gadin suke tayar da faɗa alhali babu ɓarawo. Kirci yana cikinsu, wanda yake sa fatar yaro ta bushe ta tsattsage a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya, musamman da hunturu, ya kwana yana susa. Haka kuma cutar nan da take sa wani sashe na fata ya koma fari fat kamar na zabiya. Don irin waɗannan aka yi man da muke magana a kai. Aikinsa shi ne ya sa masu gadin su kwanta. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

To ku duba abin da ya sami yaron nan. Makero ƙwayar cuta ce ta gaske, dangin funfuna, mai rai, tana cin fata tana faɗaɗa. Da aka shafa man sai masu gadi suka yi barci, hayaniya ta lafa, uwa ta ga kamar an warke. Ɓarawo kuwa ya sami gari babu tsaro. Abin da ya fi muni, zoben nan da ake gane makero da shi yakan ɓace, har malamin asibiti ma ya duba ya yi shakka. Haka abin yake ga kyasbi, da ƙazuwa, da maruru, da gyambo, da ƙarambau, da duk ƙurjin da yake fitar da mugunya.

Iri biyu ne

Iri na farko shi ne wanda ya cika kasuwanninmu, ana kiransa sitiroyid. Likitoci sun fara shafa shi a fata a 1952, kuma alheri ne babba ga mai kirci. Sai dai ƙarfinsa hawa-hawa ne. Hydrocortisone shi ne mai sauƙi. Betamethasone, wanda yake cikin Betnovate, mai ƙarfi ne. Clobetasol, wanda yake cikin Dermovate, yana sahun da babu na sama da shi. Babban sunan da ke gaban kwali ba shi ne abin dubawa ba. A juya a karanta ƙananan rubutu, ko a ba ɗan makaranta ya karanta. Kayan da suka biyo ta Maraɗi da Ɗan Isa sau da yawa rubutunsu Faransanci ne, amma waɗannan sunaye kusan iri ɗaya ake rubuta su a harsunan biyu.

A lura sosai da masu haɗi uku, waɗanda akan rubuta musu Triple Action. A cikinsu akwai maganin funfuna, da maganin ƙwayoyin cuta, da sitiroyid mai ƙarfi. Mai sayarwa zai ce maganin kowace cutar fata ne. A ganina babu man da ya fi shi ruɗin mutane, domin sitiroyid ɗin yana ɓoye cutar tun sauran ba su gama aikinsu ba. Irinsa ne uwar nan ta nuna mana.

Iri na biyu sabo ne a kanmu, sunansa tacrolimus, an fi saninsa da Protopic. A 1984 masu bincike na wani kamfanin magani a Japan suka samo shi daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasa kusa da dutsen Tsukuba. Da farko waɗanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda ake ba shi, don kada jikinsu ya ƙi sabuwar gaɓar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfinsa. Daga baya aka mai da shi man shafawa, Japan ta amince da shi a 1999, Amurka a 2000. Yana da ɗan'uwa mai suna pimecrolimus. Fifikonsa a kan sitiroyid shi ne ba ya sa fata ta yi siriri, shi ya sa likitocin fata suke rubuta shi don fuska da fatar ido da wuya. Yana da tsada, kuma sai a manyan shagunan magani na birni ake samunsa, amma ya fara shigowa ƙauye ta hannun 'yan'uwa masu aikowa daga birni, wani lokaci ba tare da takardar likita ba.

Yadda ake shafa shi

Tacrolimus ƙarfi biyu ne. Mai 0.03% shi ne na yara daga shekara 2 zuwa 15. Mai 0.1% na manya ne, daga shekara 16. Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a shafa masa. A wanke hannu, a shafa kaɗan-kaɗan a daidai wurin ciwon kawai, safe da dare, a sake wanke hannu. Ba a ɗaure wurin da leda ko bandeji. Ba a sa shi cikin ido ko baki ko hanci. In za a shafa man kaɗe ko basilin a wurin, a bar tazarar awa 2.

A kwanakin farko wurin yakan yi zafi kamar an goga barkono. Mutane da yawa a nan suke jefar da shi, suna cewa bai karɓe su ba. Yawanci wannan zafin yakan ragu cikin mako guda. Mai shan barasa kuma zai iya ganin fuskarsa ta ɗauki zafi. Amma in ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a wurin, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta kumbura, a tsaya nan take a nufi asibiti. In an yi mako 2 babu wani sauƙi, a koma wa wanda ya rubuta shi.

Akwai maganar rana, wadda ta shafi manomi kai tsaye. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi a kwalinsa, saboda an sami 'yan rahotannin ciwon daji na fata da na kaluluwa a cikin masu amfani da shi. Manyan binciken da aka yi bayan haka ba su tabbatar da cewa man ne yake kawo ciwon ba. Duk da haka ƙa'idar tana nan: kada a shafa a fita tsakar rana da wurin a buɗe. Malafa da riga mai dogon hannu sun wadatar. Ba a kuma shafa shi wata da watanni babu hutu sai da sanin likita. Mai ƙanjamau, da mai shan maganin da ke rage garkuwar jiki, da mai ciki, da mai shayarwa, su faɗa wa likita halinsu tun kafin ya rubuta.

Shi kuwa sitiroyid, ma'auninsa yana hannun kowa. In aka matso mai daga kan yatsan manuni zuwa gaɓar farko, wannan kimanin rabin giram ne, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba guda biyu. Clobetasol ba ya wuce mako 2 zuwa 4 a jere, ba ya wuce giram 50 a mako ko ga babba, kuma ba na fuska ba ne, ba na hammata ko matsematsi ba ne. In aka zarce, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito wadda ba ta gogewa, ƙurajen fuska su yi yawa, rauni ya ƙi warkewa. Kusa da ido yana iya kawo yana ko hawan jinin ido. Masu bilicin su ne suka fi shiga wannan hali, domin da yawa daga man da suke haɗawa akwai clobetasol a ciki. A 2023, a Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne jarirai. Al'adar nan ta matsa mai haɗi uku cikin kwalbar basilin ana shafe jariri da shi kullum bayan wanka, don jikinsa ya yi sumul, tana da haɗari ƙwarai. Fatar jariri ba ta da kauri, nafkin kuma yana rufe wurin ya ƙara tura maganin cikin jini. Sai a ga kumatu sun cika, kaka tana murna jika ya yi ƙiba, alhali kumburin magani ne, girmansa kuma ya tsaya. Jikinsa yakan daina yin nasa sinadarin da maganin ya maye gurbinsa. Saboda haka jaririn da aka daɗe ana yi masa haka, a kai shi asibiti a faɗi gaskiya, likita ya tsara yadda za a janye.

Tabon da ba ya jin taɓi

Akwai wani tabo da nake roƙo kada a shafa masa komai. In wani wuri a jiki ya yi haske fiye da sauran fata, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, a sa mutumin ya rufe ido, a taɓa wurin da ɗan zaren auduga, a kuma taɓa lafiyayyar fata kusa da shi. In bai ji taɓin a kan tabon ba, yana iya zama farkon kuturta. Duk watan da aka ɓata ana gwada man kasuwa, jijiyoyin hannu da ƙafa ne suke lalacewa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shi kyauta. Asibitin Babbar Ruga kusa da Katsina ya daɗe a kan wannan aiki. A ƙetaren iyaka kuma akwai asibitin Danja, kudu da Maraɗi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1956 don masu wannan cuta.

Na san hanya ba ta da sauƙi a yankin Jibiya a shekarun nan, kuɗin mota ma abin tunani ne. Amma a lissafa kuɗin bututu uku da uwar nan ta saya, a gwada da na zuwa asibitin Jibiya sau ɗaya. In dole sai an saya, a saya a kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Man da ya wuni a kan tire cikin ranar bazara ba abin yarda ba ne, domin ana so a ajiye irin waɗannan a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. A gida, gindin randa ya fi saman taga, amma inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada kuma a ara wa maƙwabciya don ƙurjinta ya yi kama da na gidanku.

Yaron nan an kai shi asibiti. Aka hana man, aka ba shi maganin funfuna zalla na shafawa, da ƙwayoyi na sha saboda abin ya yaɗu. An gaya wa uwar cewa a makon farko ƙaiƙayin zai tashi fiye da da, kada ta tsorata ta koma wa tsohon bututu. Ta daure. An kuma duba ƙannensa biyu da suke kwana tabarma ɗaya da shi, aka sami ɗaya da makero a ka, wanda shi man shafawa ba ya isarsa, sai ƙwayoyi na mako 6 zuwa 8.

A zamanmu na gaba, kowace mace ta zo da duk man shafawar da ke ɗakinta, har da kwalinsa in yana nan. Za mu karanta ƙananan rubutun tare, ɗaya bayan ɗaya.