Kulle ko Lulluɓi: Wanne Ke Tsare Sirrin Mutanen Sassumbrum?

Gundumomin Magarya da Dungas yanki ne da aka saba da rubuta suna. Tun 2005 ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ke aiki a Magarya saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma a daminar 2018 sai da ta yi shelar cewa yara wajen 10 ke rasuwa kullum a sashen yara na asibitin garin. Duk yaron da aka kwantar an ɗauki sunansa da na uwarsa, da ƙauyensu, da nauyinsa, da awon damtsensa. Shirin tallafin da gwamnati ta fara da kuɗin Bankin Duniya a 2011, wanda ya riƙa bai wa mata jika goma a wata a jahohi biyar har da Damagaram, ba ya zaɓen gida sai an yi tambayoyi: mutum nawa ke ci a tukunya, da me aka rufe ɗaki, awaki nawa ke garke. Ga rigakafi, ga awon ciki, ga katin zaɓe mai hoton yatsa na 2020, ga rajistar layin salula. Matar Sassumbrum, a nan yankin, da ba ta taɓa zuwa Yamai ba, labarinta ya je, wani lokacin har ya tsallake teku.

A da babban littafin rajista ne a kan teburin malamin asibiti, sai mutum ya zo da ƙafarsa kafin ya leƙa. Yanzu ma'aikaci na riƙe da waya mai manhaja irin KoboToolbox ko ODK, da ya samu rezo sai abin da ya rubuta ya tafi gajimare, wato kwamfutocin haya na wani kamfani da ke wata ƙasa. Amazon da Microsoft da Google duk sun kafa manyan cibiyoyinsu na nahiyar nan a Afirka ta Kudu, tsakanin 2019 da 2024. Ko ɗaya babu a Nijar. Hanyoyi biyu aka fi ambata wajen tsare abin da aka ajiye a can: kulle bayanai da lulluɓe su. Ana yawan haɗa su a jimla ɗaya kamar abu guda, alhali kowanne da irin ɓarnar da yake tarewa.

Kullewa ita ce a juya rubutu da lissafi ya koma tarkacen haruffa marasa ma'ana, ba mai mayar da shi sai mai mabuɗi. Tsarin da aka fi amfani da shi, AES, Amurka ta amince da shi a 2001, ƙirƙirar wasu 'yan Beljiyam biyu ne, Joan Daemen da Vincent Rijmen, kuma har yau ba a san wanda ya fasa shi da ƙarfin tsiya ba. Ana kulle bayanai a kan hanya, tsakanin wayar ma'aikaci da gajimare, ana kuma kulle su inda suke ajiye. Idan aka sace wayar mai ƙidaya a kasuwa, ko wani ya yi awon gaba da faifan ajiyar kamfani, ba abin da zai karanta. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ƙungiyar da ba ta yin sa ba ta cancanci a ba ta sunan ko mutum ɗaya ba.

Sai dai bayanan da aka kulle dole a buɗe su kafin a yi aiki da su. Malamin asibiti ba zai ba da magani yana kallon tarkacen haruffa ba. Duk wanda rumbun ya ɗauka mai izini ne, buɗe masa yake yi, bai san ko shi ne ko wani ne ya ari sunansa ba. Abin da ya sami ƙungiyar Red Cross ta duniya ke nan. A watan Janairun 2022 ta sanar cewa an shiga rumbunta na shirin sada iyalan da yaƙi ko hijira suka raba, wanda wani kamfani a Suwizalan ke ajiye mata, an kai ga bayanan mutane sama da 515,000. Masu kutsen sun shiga tun Nuwamban 2021 ta wata kafa a manhajar da ba a sabunta ba, suka yi shigar masu kula da rumbun, suka zauna kwana wajen 70 ba a ankara ba. Ƙungiyar da bakinta ta ce bayanan a kulle suke, kuma hakan bai hana a kai gare su ba.

Akwai wani abin da ya sa kalmar "mun kulle" ba ta ƙara burge ni. Tun Janairun 2023 Amazon ke kulle duk sabon abin da aka zuba a ma'ajiyarsa ta S3, ko mai ajiya bai nema ba. Ke nan ƙungiya na iya rubuta wa masu ba ta kuɗi cewa bayananta a kulle suke ba tare da ta ɗaga yatsa ba. Tambayar da ke da nauyi ita ce wa ke riƙe da mabuɗin. In kamfanin ne, to a tuna da dokar Amurka ta 2018 mai suna CLOUD, wadda ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a ina aka ajiye su.

Lulluɓi wata dabara ce dabam. A nan ba a hana shiga rumbu, abin da mai shiga zai gani ake ragewa. Lambar waya ta fito da lambobi biyu na ƙarshe kawai. Suna ya koma lamba, a ajiye takardar da ke haɗa lambar da mai ita a wani wuri na dabam. Mai biyan kuɗi ya ga suna da adadi, kada ya ga cuta. Mai haɗa rahoto a Damagaram ya ga cuta da shekaru, kada ya ga suna. Mai gyaran manhaja a ƙetare a ba shi kwafin da aka sauya sunayensa gaba ɗaya, ba hanyar mayar da su. Bankin Capital One na Amurka ya nuna bambancin a fili a 2019, lokacin da aka kwashi bayanan mutane sama da miliyan 100 daga ajiyarsa da ke gajimaren Amazon. Bankin ya ce hanyar da aka bi aka shiga ta ba da damar buɗe abin da aka kulle, amma guraben da aka musanya da lambobin bogi sun tsira.

A ganina wannan ya fi kusa da damuwar Sassumbrum. Matar da ta je karɓar maganin tazarar haihuwa ba da sanin dangin miji ba, ko magidancin da ke shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka, ba ɗan kutsen wata nahiya ke hana su barci ba. Wanda suke tsoro yana kusa: ɗan unguwa da aka ɗauka aikin ƙidaya na mako biyu, ko ɗan uwan kishiya da ke shigar da bayanai a kwamfuta. Waɗannan duk da izini suka shiga, kulle ba ya ganin su. Kuma abin da ke biyo baya ba asarar kuɗi ba ce da banki zai mayar. Aure ne ke mutuwa, ko a daina cin abincin gidan mutum, ko mace ta yanke ƙafa daga asibiti, wadda ita ce asarar da ba ta shiga rahoto.

To amma lulluɓi yana da rauninsa, kuma raunin ya fi tsanani a ƙauye. Mace in ta yi lulluɓi baƙo ba zai gane ta ba, amma 'yan unguwarsu daga tafiyarta suke sanin ko wace ce. A Amurka Latanya Sweeney ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ɗaya bayan ɗaya, kuma ta gano bayanan asibitin gwamnan Massachusetts, William Weld, a cikin takardun da aka cire wa sunaye. A wajenmu lissafin ya sha bamban, kuma nan ne manhajojin da aka ƙera a waje ke kuskure. Ranar haihuwa ba ta cika fallasa kowa ba, domin dubban mutane takardunsu 1 ga Janairu suke ɗauke da ita, tunda shekara kawai aka kintata. Suna ma ba shi ne babban mai tona asiri ba: Hadiza da Mariyama da Hawwa nawa ne a gari guda? Abin da ke nuna mutum shi ne sunan miji, da sunan mai gari, da yawan 'ya'ya, da cewa ta haifi tagwaye bara. A goge suna a bar "shekara 34, haihuwa tara, ƙauye kaza", duk wanda ya fito daga ƙauyen ya san wadda ake nufi. Manhajar da ta rufe suna da ranar haihuwa ta bar gurbin "matar wane" a buɗe ba ta rufe komai ba.

Haka zancen wurin zama. Wayoyin ƙidaya na ɗaukar daidai inda gida yake a taswira. Masu binciken lafiya na DHS sun daɗe da sanin haɗarin, shi ya sa suke gusar da alamar kafin su fitar da bayanai: har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara, kaɗan daga ciki har 10. A ƙasar Magarya, inda ƙauyuka ke kusa da juna, wannan na iya ɓatar da sawu. A rugar da ke zaune ita kaɗai, kilomita biyar ba ta ɓoye ta. Ko jimillar da ake turawa ta DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da ma'aikatar lafiyar Nijar ke tattara rahotanni da ita, tana iya magana in adadin ya yi ƙanƙanta. "Mutum 1" a ƙaramin asibiti kusan suna ne.

Sai lambar waya, wadda ake ɗauka ta mai ita ce. Sau da yawa matar da aka rubuta ba ta da salula, lambar miji ta bayar, ko ta ƙaninsa, ko ta maƙwabci. Saƙon tunatarwa da ya ambaci irin maganin ya tona asirin tun kafin a zo zancen gajimare. Ga kuma jerin sunaye da ake saukewa daga rumbu a tura ta WhatsApp don a gaggauta rabo. WhatsApp na kulle saƙo a hanya tun 2016, gaskiya ne, amma jerin na sauka a wayar da za a bari wurin mai caji ranar kasuwa. Daga lokacin da aka sauke shi, kullen rumbu ya gama aikinsa. Abin da aka lulluɓe kafin a sauke shi ne kaɗai ke bin takardar duk inda ta je.

Wuri ɗaya ne kulle ya yi wa lulluɓi nisa sosai, wato ranar tashi. Ƙungiyoyi na zuwa suna tafiya, wani lokacin ba shiri. A Fabrairun 2025 hukumomin Nijar suka umarci Red Cross ta duniya ta bar ƙasar. Duk ƙungiyar da irin haka ta samu tana barin tambaya a baya: ina bayanan mutane za su kwana, a hannun wa? In an kulle su da mabuɗin da ƙungiyar ke riƙe da kanta, lalata mabuɗin ya isa ya mayar da kowane kwafin da ke kulle tarkace, har wanda aka manta da shi a wata ma'ajiya. Lulluɓi ba ya iya wannan. A ɗaya gefen kuma, mabuɗin da ya ɓata bisa kuskure ya tafi da tarihin jinyar dubban yara.

Da za a ce in zaɓi inda za a kashe ɗan kuɗin da ke akwai da lokacin horar da ma'aikata, lulluɓi zan zaɓa. Kulle ya zama abin da ake samu kusan kyauta, abin da ya rage a kansa shi ne a riƙe mabuɗi da kyau, a kuma sabunta manhaja a kan kari. Lulluɓi kuwa ba ya yiwuwa sai wani ya zauna ya bi gurabe ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ke bukatar ganin wannan, kuma wannan mutumin dole ya san ƙasar, ya san cewa sunan mai gari ya fi ranar haihuwa haɗari. Injiniyan da ke Turai ba zai san haka ba sai ungozoma ko malamin asibitin Sassumbrum sun gaya masa, kuma ba kasafai ake tambayar su ba.

Doka ta ba da madogara. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a watan Mayun 2017, ta sabunta ta a Disamban 2022, kuma an kafa hukumar HAPDP aka ɗora mata sa ido. Nijeriya, inda mutanen yankin ke shiga kullum don kasuwa da jinya, ta sa hannu a tata dokar a Yunin 2023. Magajin gari ko shugaban asibitin da wata ƙungiya ta zo masa da wayoyin ƙidaya yana da hurumin ya tambaya kafin ya tara mata jama'a: a wace ƙasa za a ajiye, wa ke riƙe da mabuɗi, mutum nawa za su ga suna da cuta a shafi ɗaya, yaushe za a goge. Yana kuma iya neman a cire tambayar da ba a bukata daga takardar tun farko. Rabon gero na bukatar sanin yawan mutanen gida, ba ya bukatar sanin ciwon da ke damun uwargida.